Akwatin Taimakon Farko: Abin da Ya Kamata a Tanada Cikinsa a Makarantu da Gidajen Ƙasar Dutse

1.0 Gabatarwa

Abin da muke nufi da taimakon farko shi ne agajin da akan yi wa wanda ya ji rauni, ko wanda ciwo ya kama farat ɗaya, kafin a kai shi ga ma'aikacin lafiya. Manufarsa guda 3 ce, watau a ceci rai, a hana ciwon ƙaruwa, sa'an nan a sauƙaƙa wa majinyaci wahala har ya isa asibiti. Akwatin taimakon farko kuwa shi ne mazubin da akan tara kayan wannan aiki a wuri guda, domin kada a shiga neman almakashi ko tsumma mai tsabta alhali jini yana zuba.

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana abin da ya kamata a zuba cikin irin wannan akwati a ƙasar Dutse da kewayenta, watau ƙananan hukumomin Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga. Ra'ayin da muka ɗora takardar a kansa shi ne, ba a haɗa akwati ta hanyar kwafo jerin kayan da aka tsara domin wata ƙasa. Sai an fara duba irin haɗurran da ke aukuwa a wurin, da nisan asibiti, da yanayin zafin ƙasar, sa'an nan a san abin da za a saya. Mun fi karkata ga makarantu, domin yawancinmu a nan malamai ne masu horar da malamai, kuma ɗalibanmu su ne za su tsaya gaban yara a ƙauyukan da babu likita.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Bahaushe bai rasa nasa masu agajin ba tun kafin zuwan asibiti. Akwai maɗori mai gyara karaya da targaɗe, da wanzami da zabirarsa, da ungozoma, da masunci mai cire ƙayar kifi daga maƙogwaro. Abin da ya zo daga baya shi ne tunanin a koya wa kowane mutum ɗan abin da zai yi kafin gwani ya iso, a kuma ajiye masa kayan aikin kusa da shi.

Wannan tunani ya samo tushe ne a Turai cikin ƙarni na 19. A shekarar 1859 wani mutumin Suwizalan mai suna Henry Dunant ya ga dubban sojoji yashe cikin raunuka bayan yaƙin Solferino a ƙasar Italiya, abin da ya kai ga kafa ƙungiyar Red Cross a 1863. A 1877 aka kafa ƙungiyar St John a Ingila domin koya wa ma'aikatan jirgin ƙasa da na haƙar ma'adinai taimakon farko. A 1888 kuma kamfanin Johnson & Johnson na Amurka ya fara sayar da akwatunan da aka riga aka haɗa, da farko domin ma'aikatan reluwe da ke aiki nesa da gari. Abin lura a nan shi ne, nisan asibiti ne ya haifi akwatin tun asali.

A Nijeriya an kafa ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da doka a 1960. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta ajiye akwatin taimakon farko a kowace masana'anta, sa'an nan a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. A Arewa kuwa babu wanda bai san 'yan agaji na ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam ba, waɗanda akan gani a filin idi da sansanin alhazai da wuraren taruwar jama'a. Ashe ke nan al'adar agaji ba baƙuwa ba ce a gare mu. Abin da ya rage shi ne kayan aiki da sanin yadda ake amfani da su.

3.0 Haɗurran da Suka Fi Shafar Wannan Yanki

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, zirga-zirgar motoci da babura ta ƙaru ƙwarai. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta Shuwarin da Kiyawa, ga kuma cunkoson ranakun kasuwa. Don haka haɗarin hanya, da zubar jini da karayar da ke biyo bayansa, shi ne na farko a lissafinmu.

Na biyu shi ne ƙuna. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar man fetur da ta taso daga Kano ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, maƙwabciyar Jahun, ta kama da wuta yayin da jama'a suka taru suna kwasar mai. Fiye da mutum 150 suka rasu a kwanakin farko, adadin kuma ya ci gaba da ƙaruwa saboda waɗanda suka cika a asibiti. Babu akwatin da zai iya ɗaukar nauyin irin wannan masifa. Amma ƙunar yau da kullum, ta tafasasshen ruwa ko kunu ko man suya ko wutar jin ɗumi a lokacin hunturu, tana aukuwa a kowace unguwa, kuma abin da aka yi mata a mintocin farko yana da tasiri a kan zurfinta da tabon da za ta bari.

Na uku shi ne gudawa da amai. A 2021 cutar kwalara ta bazu a Nijeriya, inda aka ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 kuma suka rasu, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. A daminar 2022 kuma ambaliya ta cinye gidaje da gonaki da hanyoyi a sassa da dama na jihar, musamman na bakin kogin Haɗejiya da rassansa. Idan ruwa ya yanke hanya, rijiyoyi kuma suka gurɓace, to abin da ke cikin gida shi ne asibitin mutum na kwanaki.

Na huɗu su ne haɗurran sana'a da na daji: saran maciji da harbin kunama a gona, yankan lauje ko saran fartanya, faɗowa daga bishiyar dabino ko mangwaro, tsartuwar tsakuwa a idon masu fasa dutse, faɗawar yara cikin kududdufi, da shan kalanzir ko maganin feshi da aka zuba a kwalbar lemo.

Lalle akwai manyan asibitoci a yankin, kamar Asibitin Rasheed Shekoni da Babban Asibitin Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da Babban Asibitin Jahun. Sai dai mai rauni a wani ƙauyen Gwaram ko Miga yana buƙatar a nemo abin hawa tukuna, a bi hanyar burji ko yashi. Babban mutum jininsa bai wuce kimanin lita 5 ba, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan numfashi ya tsaya. Wannan tazara da ke tsakanin aukuwar haɗari da isa asibiti ita ce akwatin yake cikewa.

4.0 Kayan da Ya Kamata a Zuba

Mun kasa kayan gida 5 bisa ga aikin da kowane yake yi, domin wanda ya san dalilin ajiye abu ba zai manta da shi ba.

4.1 Kayan kare mai agaji

Safar hannu ta roba, aƙalla ƙafa 5, da sabulu, da takunkumin rufe hanci da baki. Dalili shi ne jini yana iya ɗauke da ƙwayar cutar hanta ko ta ƙanjamau, hannun mai agaji kuma yana iya sa wa rauni datti. Idan safa ta ƙare, sabuwar leda mai tsabta tana iya tsayawa a madadinta.

4.2 Kayan tsai da jini da rufe rauni

Ƙyallayen rufe rauni waɗanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta aka liƙe cikin takarda, manya da ƙanana, bandeji na naɗi, mai faɗi da siriri, filasta ta naɗi da ƙananan filastoci, auduga, ruwan aidin, da gorar ruwa mai tsabta wadda ba a buɗe ba. Hanyar tsai da jini ita ce a ɗora ƙyalle a kan raunin a danne da ƙarfi na minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Idan jini ya ɓullo, a ƙara wani ƙyallen a bisa, a ci gaba da dannewa. Ɗaure hannu ko ƙafa tamau sama da rauni ba a yinsa sai jini ya ƙi tsayawa har ana tsoron rasa rai, kuma lalle a rubuta lokacin da aka ɗaure domin likita ya sani. Ita auduga ta goge gefen rauni ce, ba a ɗora ta a kan buɗaɗɗen ciwo domin zarenta yana maƙalewa. Duk raunin da ƙarfe ko ƙaya ko ƙasa ta shiga, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kuma je a tambayi allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

4.3 Kayan karaya da targaɗe

Ƙyalle mai kusurwa 3, guda 2 ko fiye, wanda kowane tela zai iya yankawa daga yadi ɗaya na fari. Bandeji mai talewa. Fil-fil na maƙalawa. Da 'yan filayen katako ko kwali mai kauri. Da ƙyallen ake rataye hannu a wuya, da shi kuma ake ɗaure katako a gefen ƙafa. Aikin mai agaji shi ne ya hana gaɓar motsi yadda ya same ta, ba ya ja ko ya miƙar da ita ba. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya game da ɗori. Jama'a sun yarda da maɗora, kuma ba mu zo rushe wannan ba. Amma ɗaurin kara da ya matse kumburarren hannu yana tsai da gudun jini har naman ya mutu, a ƙarshe a yanke hannun. Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shafi wuya ko gadon baya, ta asibiti ce kai tsaye. Wanda ya faɗo daga dabino yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a kan babur. A ɗauke shi a miƙe bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, wani yana riƙe da kansa.

4.4 Magunguna

A nan taƙaitawa ta fi. Muna ba da shawarar abu 4 kawai: ƙullin gishiri da sukari na asibiti, aƙalla 10, ƙwayar zinki, farasitamol na manya da na yara, da man shafawa na ƙaiƙayi ko cizon ƙwari.

Ƙullin gishiri da sukari shi ne abu mafi araha a akwatin, kuma watakila shi ne ya fi ceton rai. Gudawa sau da yawa tana kisa ne ta hanyar tsotse ruwa da gishirin jiki. Hikimar haɗin ita ce, sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin, ko da gudawar ba ta tsaya ba. A 1971 wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash lokacin da ruwan ƙarin asibiti ya ƙare, mace-macen kwalara suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Akan narkar da ƙulli cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1, a riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 kuma a zubar. Idan babu ƙullin, sai a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yara da zinki na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 kullum, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko jikinsa ya saki, asibiti za a nufa da shi ana ba shi a hanya.

4.5 Kayan aiki

Almakashi, matsefata ta cire ƙaya, ma'aunin zafin jiki, tocila da batir na ajiya, ledar naɗe abinci mai shara-shara, zane ko bargo mai tsabta, da ɗan littafi da biro. A cikin murfin akwatin a manna takarda mai ɗauke da lambar waya ta asibiti mafi kusa, da ta direbobi ko masu babur 2 na garin da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare, da lambar 112 ta kiran gaggawa da 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. A ƙauye wannan takarda tana iya fin duk abin da ke cikin akwatin amfani.

5.0 Abin da Ba Ya Shiga Akwati, da Abin da Ba A Yi

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sau da yawa abin da ke cutar da majinyaci shi ne taimakon da aka yi masa da kyakkyawar niyya.

(a) Kada a ajiye allura da sirinji, ko kafso, ko maganin barci, ko masu sa maye irin su tiramadol da kodin. Waɗannan na ma'aikacin lafiya ne. Fasa kafso a barbaɗa a kan rauni ba ya warkarwa, yana dai koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Asfirin kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

(b) Ƙuna: a kwarara mata ruwa mai sanyi na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, sa'an nan a rufe da ledar shara-shara ko ƙyalle mai tsabta ba tare da matsewa ba. Ba a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko baƙin mai, ko toka, ko ƙanƙara, ba a kuma fasa bororo. Ƙunar da ta fi tafin hannun majinyaci faɗi, ko ta fuska, ko ta jariri, ta asibiti ce.

(c) Saran maciji: babu abin da ke karya dafi sai allurar dafi ta asibiti. Dafin kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, yana hana jini daskarewa, saboda haka tsaga wurin da reza buɗe ƙofar zubar jini ne. Ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, baƙin dutsen da ake mannawa kuma bincike bai tabbatar da amfaninsa ba. A kwantar da hankalin mutumin, a cire abin da zai matse shi, a ɗaure gaɓar da katako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Idan maciji mai tofi ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

(d) Cizon kare: a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a je neman allurar rigakafi a ranar, domin ciwon haukan kare in ya bayyana ba a tashi.

(e) Shan kalanzir ko fetur: ba a sa yaro amai, ba a ɗura masa manja ko madara, domin abin yana iya komawa huhu. A tafi asibiti da kwalbar abin da ya sha.

(f) Farfaɗiya da taune-taune: ba a cusa cokali a baki, ba a danne mutum, ba a ɗura masa kome. A kawar da abin da zai buge shi, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta hanyar yawu ko taɓawa, don haka babu dalilin gudu. Yaro mai zazzaɓi da taune-taune ko sanƙarewar wuya a gaggauta kai shi asibiti.

(g) Haɓo, wanda ya yawaita da hunturu da bazara: a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hanci na minti 10. Ɗaga kai sama yana sa a haɗiye jinin ne kawai.

6.0 Ajiya da Kulawa

Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30 na zafi, alhali kuwa a Dutse zafin watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Akwatin ƙarfe da aka bari a ɗakin kwano marar silin, ko a bayan mota, ya fi haka zafi. Zafi yana rage ƙarfin magani, yana busar da danƙon filasta, yana kuma sa safar roba ta tsage. Saboda haka a zaɓi akwatin roba mai murfi mai kamawa, a ajiye shi a inuwa nesa da taga da murhu, a sama inda hannun ƙananan yara ba ya kai, inda kuma ruwan ambaliya ba zai tarar da shi ba.

Game da makarantu, akwatin da aka kulle a ofishin hedimasta, shi kuwa ya tafi sakatariya da makulli a aljihu, daidai yake da babu. Ya kamata aƙalla malamai 2 su san inda yake su kuma iya buɗe shi, a makarantar kwana kuwa a ajiye wani a ɓangaren ɗakunan kwana. A duba shi farkon kowane zangon karatu: a karanta ranar lalacewar kowane magani, a tabbata yana da lambar hukumar NAFDAC, a mayar da abin da aka ɗiba, a rubuta a littafi wanda aka yi wa magani da abin da aka ba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya; kayan gudawa kafin faɗuwar damina ake sayensu, na ƙuna kuma kafin shigowar sanyi.

7.0 Shawarwari

Na farko, kwalejojin ilimi su tabbata kowane ɗalibi, ko wane fanni yake karanta, ya yi taimakon farko da hannunsa kafin ya fita koyarwar gwaji. Danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti, ba a koyonsa daga allo. Ana iya neman haɗin kan ƙungiyar Red Cross da makarantun koyon aikin lafiya na Birnin Kudu da Jahun.

Na biyu, kwamitocin iyaye da malamai su ɗauki nauyin cika akwatin kowane zango, domin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka raba.

Na uku, a sa makarantun allo da Islamiyya, da tashoshin mota, da kasuwanni irin ta Shuwarin cikin wannan shiri, a kuma jawo maɗora da wanzamai a tattauna da su a kan irin raunin da ya kamata su tura asibiti.

Na huɗu, wanda ya shafi masana harshe da ke wannan taro: a rubuta umarnin cikin akwatin da Hausa, da boko da ajami, cikin gajerun jimloli da zane. Akwai buƙatar a zauna a daidaita sunayen kayan, domin abin da wani ya kira bandeji wani filasta yake ce masa, kuskuren suna kuwa a lokacin gaggawa yana cin mintoci.

8.0 Kammalawa

Mun nuna cewa akwatin da ya dace da ƙasar Dutse shi ne wanda aka haɗa domin zubar jini da karaya da ƙuna da gudawa, mai kaya kaɗan waɗanda kowa ya san aikinsu, wanda aka kare daga zafi, aka kuma bar shi inda hannu zai kai. Mun kuma nuna cewa sanin abin da ba a yi rabin taimakon farko ne. Akwati ba ya maye gurbin asibiti, aikinsa shi ne ya isar da majinyaci can da ransa. Muna fata mahalarta za su koma makarantunsu su buɗe akwatin da ke can, in akwai, su gwada abin da ke ciki da jerin da muka kawo, su kuma kawo mana gyara bisa ga abin da suka tarar a yankunansu.